Kalmar Sirrin Da Tasi'u Ya Riƙe

Wata rana da hantsi, fitilar na'urar intanet ɗin gidan Sista Rahina ta koma ja.

Ku tsaya ku ji abin da jar fitilar nan ta jawo, don har yanzu in aka tuna maganar rai ɓaci yake.

Sista Rahina ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke bayan garin Funtuwa. Yaran unguwar nan kusan duk hannunta ne ya fara taɓa su.

A asibitin akwai na'urar hoton ciki da wata ƙungiya ta kawo musu kyauta. Tana nan a kusurwa an lulluɓe ta da zani, don ba wanda ya iya aiki da ita. Mace da tsohon ciki sai ta hau mota ta shiga gari, ta wuni a layi, kafin a gaya mata yadda ɗanta yake kwance.

Sai aka buɗe wani kwas na koyar da ungozomomi aikin wannan na'ura. Gurbi ɗaya tal aka ware wa yankinsu. Rahina ta nema, ta tsallake matakin farko, aka ce saura ganawa da masu zaɓe ta bidiyo.

To, a unguwarsu sabis ɗin waya sai a hankali. Kira ma sai ka fita tsakar gida ka ɗaga hannu sama. Shi ya sa ta sa aka jawo mata layin intanet na kebul har cikin falo.

Wanda ya yi aikin shi ne Tasi'u.

Tasi'u ba baƙo ba ne a gidan. A daminar bara matarsa Zulai ta haihu a gida, ruwa ya cinye kwalbatin da ake bi zuwa asibiti, jini kuma ya ɓalle mata. Ya kira Sista Rahina yana kuka kamar ƙaramin yaro. A waya ta riƙa gaya masa inda zai sa hannu, yadda zai murza marar, yadda za a ɗora jaririyar a nono, har ruwa ya janye aka samu aka kai ta.

Ranar suna, aka raɗa wa yarinya Rahinatu.

Saboda haka da maganar jawo layi ta taso, Tasi'u cewa ya yi wallahi ba wanda zai taɓa aikin nan sai shi.

Ya zo, ya ja kebul, ya kafa rauta, wato akwatin nan mai ƙaho biyu da ke raba intanet a gida. Ya buɗe kwamfuta ya shiga saitinta.

Ga wanda bai sani ba, irin wannan layi ba kamar famfo ba ne da za ka murɗa ruwa ya zo. Duk lokacin da aka kunna rautar sai ta yi sallama a ƙofar kamfani, ta faɗi sunanta da kalmar sirrinta, sannan a ba ta adireshi a buɗe mata hanya. Sunan da kalmar a wani shafi ake zuba su, masu aikin suna ce masa PPP.

Da ya zo wannan shafin, sai Tasi'u ya ɗan karkata kafaɗa ya tare fuskar kwamfutar.

Rahina ta lura. Ta tambaye shi me yake rubutawa. Ya yi dariya ya ce kada Anti ta wahalar da kanta, in wani abu ya taso ai kiransa kawai za ta yi.

Ta yarda. Wa zai zargi uban takwararsa?

Ranar ganawa ta zo. Tun da safe ta goge farin kayanta, ta jera takardunta a tebur, bakinta bai huta da addu'a ba.

Maigidanta, Malam Ɗahiru, mutumin kirki ne, amma akwai shi da son gyaran abin da bai lalace ba. Ya ga intanet ɗin yana ɗan jan ƙafa. Ya tuna wani abokinsa ya taɓa ce masa akwai ɗan rami a bayan rauta, in ka danna shi komai sai ya dawo sabo.

Ya ɗauko tsinken sakace.

Ya danna, ya riƙe.

Komai kuwa ya dawo sabo. Rautar ta manta sunanta, ta manta kalmar sirrinta, ta koma yadda ta fito daga kwali.

Shi a ransa gata ya yi wa matarsa.

Rahina ba ta tsaya faɗa ba, ba lokacinsa ba ne. Ta buɗe kwamfuta, shafin saitin ya fito da kansa. Gurbi biyu ne a gabanta, fanko: suna a sama, kalmar sirri a ƙasa. Abin da ya rage mata ke nan.

Ta kira kamfanin. Wata murya mai ladabi ta ce ta yi haƙuri, layin da sunan wani Tasi'u aka yi masa rajista, lambarsa kaɗai za su iya tura wa kalmar sirrin.

Ashe ko layin ma ba da sunanta yake ba.

Ta fita tsakar gida ta kira Tasi'u. Hayaniyar kasuwa ce ta fara amsawa. Yana Kano, ya je sarin kaya.

"Tasi'u, an goge saitin rauta, kuma yanzu za a kira ni. Shafin yana buɗe a gabana. Karanto min sunan da kalmar sirrin in rubuta."

"Kai, Anti! Ki bari in dawo da yamma in gyara miki da hannuna."

"Da yamma an gama. Faɗa min kawai, ko ka turo a saƙo."

"Gaskiya Anti, wannan sirrin sana'a ne. Maigidan da ya koya min aiki cewa ya yi in ka ba kwastoma wannan, ya daina nemanka ke nan."

Sai Rahina ta ce masa:

"Tasi'u, ranar da Zulai take zubar da jini, a waya na gaya maka inda za ka sa hannu. Na ce maka sirrin sana'a ne?"

Cikin ihun masu tura baro ya ce:

"Ai wannan daban ne, Anti. Wallahi yanzu zan kamo hanya."

Ya kashe.

Jama'a, daga Kano fa. Zai kamo hanya.

Abin da ake nema yana cikin wayar da ke hannunsa. Karantawa ba za ta kai tsawon shan kofin ruwa ba. Amma a'a, gara ya hau mota ya yi tafiyar rabin wuni da ya bari matar da ta ceci iyalinsa ta san kalmar da ke buɗe na'urar falonta.

Ta sake kira, bai ɗauka ba.

Malam Ɗahiru ya fito da babur da sauri, ta hau baya da kwamfuta a ƙirji. Shagon intanet na farko janaretansu ya lalace. Na biyu a rufe, mai shi ya tafi jana'iza. A bakin titi ta gwada da wayarta, fuskokin masu zaɓe suka fito, suka daskare, suka ɓace.

Ta dawo gida ta zauna da farin kayan a jikinta, ta kasa cirewa. Malam Ɗahiru ya samu gefe ya rakuɓe.

Bayan la'asar sai ga sallamar Tasi'u, da ledar gurasa a hannu, wai tsarabar Kano.

Ya zauna gaban kwamfutar. Kuma wallahi, ko a wannan lokacin sai da ya karkata kafaɗar nan.

Ya ɗan taɓa, ya ɗan taɓa.

Fitila ta koma kore.

Abu na farko da ya shigo ta sabon layin shi ne saƙon masu zaɓe. Sun ce sun jira ta, sun kuma yi nadamar rashin ganinta. An ba wata gurbin.

Ta karanta har ƙarshe. Ranta ya ɓaci iya ɓaci, irin ɓacin da ba ya fita da ihu.

Tasi'u ya juyo yana murmushi, irin na wanda ya yi bajinta. Ya ce, "Anti, ya kawo ko?"

"Ya kawo," in ji ta. "Yaya takwarata?"

"Tana nan kalau, har ta fara tafiya."

"Alhamdu lillahi. Ka gaida Zulai."

Ya kalli fuskarta. Murmushin ya gudu. Ya ajiye gurasar a hannun kujera ya fita da sanɗa.

Kuma ko da ya fita, da kalmar ya tafi.

Washegari Sista Rahina ta koma aiki. Wata mata da ciki ya yi wa nauyi ta shigo tana dafe da ƙugu, ƙafafunta a kumbure. Ta dubi kusurwar da aka lulluɓe da zani ta ce, "Sista, an ce kin kusa fara mana hoton a nan?"

Rahina ta gyara bakin zanin da ya zame. Ta ce mata ta shirya gobe da sassafe ta shiga gari, ta tafi da ruwan sha, don layin yana da tsawo.

Darasi:

Kai mai sana'a, ƙwarewarka taka ce, ba wanda zai ƙwace maka. Amma sunan layi da kalmar sirrin na'urar da ke gidan mutum nasa ne. Ka kafa, ka gwada, ka miƙa masa kafin ka ɗauki jakarka. In ɓoye kalma ce kaɗai take sa a sake kiranka, to ba aikinka ake nema ba, garkuwa ka yi da mutane.

Kai kuma da aka yi wa aiki, kada kunya ta hana ka tambaya, ko da ɗan'uwanka ne ya yi. Ka tabbata layin da sunanka yake, kuma ka karɓi kalmar tun yana tsaye a falonka.

Masu tsinken sakace kuwa, don Allah ku bar ramin nan ya huta.

Ku tura wa duk wanda ke da rauta a gida ko a shago. In kun san wani mai karkata kafaɗa, shi za ku fara tura wa.