Gidan da Ba a Cin Kifi

A gidanmu na unguwar Misfala a Makka ba a cin kifi. Na tashi na tarar da haka ne, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Ranar Juma'a maƙwabta su sayo kifin Jidda, ƙamshin suya ya cika lungu, Inna ta miƙe ta rufe taga. Idan an aiko mana a kwano sai ta yi godiya, ta sa a bayar sadaka, a wanke kwanon a waje. Mu 'ya'yanta mun ɗauka ƙarni ne ba ta so.

Na haura arba'in lokacin da likita ya dubi sakamakon jinina, ya dubi tumbina, ya ce ciwon suga na bakin ƙofa. Aikina zama ne a teburin karɓar baƙi na wani otal a unguwar Jarwal, ina miƙa wa alhazai makulli ina kurɓar shayi. Na fara da tafiya bayan sallar asuba, tafiya ta zama gudu, na sayi tsohon keke, daga baya wani abokin aiki ya ja ni kwamin iyo. Ga ni ƙato da furfura a gemu, na riƙe bakin kwami ina wutsil-wutsil da ƙafa. Matata ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa in kana so in nace wa abu, to ka yi mini dariya a kansa. Da na ji za a yi gasar tirayatlon a bakin teku a Jidda, wadda ake iyo, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu ba hutawa, kuma har da rukunin 'yan koyo irina, sai na ba da sunana.

Inna tana hawan ƙasa, mu muna sama. Kullum kafin in tafi aiki nakan leƙa in gaishe ta, ta ce Allah ya yi mini albarka, sannan in fita. A irin wannan gaisuwar na ba ta labarin gasar, baki har kunne. Tana tsince shinkafa a faranti, ta tambaye ni a wane ruwa za a yi iyon. Na ce Bahar Maliya mana. Sai ta ajiye farantin.

Na san kakata ta rasu a hanyar zuwa Makka, amma a gidanmu iyakar abin da ake faɗa ke nan, ni kuma a raina hanya ƙasa ce. Ran nan Inna ta gaya mini sauran. Ta ce tana ƙaramar yarinya suka baro ƙasar Kano a ƙafa, suka yi shekaru a Sudan iyayenta suna tsinkar auduga suna tara kuɗin jirgi. Suka shiga wani jirgin ruwa na katako cunkus da mutane, zazzaɓi ya kama uwarta a tsakiyar ruwa, ta cika. Mai jirgin ya ƙi a ajiye gawa. Maza suka yi mata salla jirgi na tangaɗi, aka ɗaura mata dutse aka zura ta. Washegari suka hango tudu. Matar da ta yi tafiyar shekaru tana fatan a binne ta a Makka, kwana ɗaya ya rage mata. Sai a ranar na gane dalilin da ba a cin kifi a gidanmu.

"Kowa yana da inda yake zuwa ya gaishe da uwarsa," in ji Inna. "Ni tawa tana cikin ruwan nan. Can za ka je ka yi wasa?"

Ya kamata in yi shiru. Maimakon haka sai na shiga yi mata bayani, wai teku faɗi gare ta, wai mu a bakin gaɓa za mu yi, akwai masu ceto a kwalekwale. Ta bar ni na gama tsaf.

"Halas, shi ke nan," ta ce. "Ka girma."

Da ta hana ni ƙiri-ƙiri, da na haƙura. Ba ta hana ba. Abin da ta yi shi ne, daga ranar in na gaishe ta sai ta amsa, in tsaya jiran albarkar, ta ce "To." Nakan fito da wannan "to" ɗin a ƙirjina kamar na haɗiyi ƙwallon goruba. Na ji tsoro, kuma na ji haushi. Shekara arba'in tana rufe taga ba ta ce komai ba, sai da na sami abu guda da ya dawo mini da lafiyata sannan za ta ɗora mini wannan? Matata ta ce in janye, ai akwai gasar gudu zalla. Na ce ba inda zan janye. Taurin kai ne, na sani, amma akwai wani abu kuma: tunda na ji labarin nake son in ga ruwan da idona.

Ranar gasar a Jidda na yi sallar asuba. Muka jeru a kan yashi da hulunan roba, aka busa usur, muka afka. Wannan ya mangare ni da gwiwar hannu, wancan ya shure ni a kafaɗa, duk na shirya wa haka. Abin da ban shirya masa ba shi ne tsoma fuska. A kwami kana ganin tayil da baƙin layi a ƙasa. Nan kuwa kore ne, yana yin duhu yana yin duhu har ido ya gaza. Numfashina ya ɗauke. Na haɗiyi ruwa, gishiri ya ƙona mini maƙogwaro, na tuna abin da ke cikin ruwan.

Na rarumi bakin kwalekwalen ceto ina tari. Mutumin da ke ciki ya tambaye ni da Larabci ko ya fitar da ni, na girgiza kai. Sauran hulunan sun yi nisa. Ina rataye a nan sai sallamar da ake yi wa mutanen maƙabarta ta zo bakina, na yi ta ina kallon ruwa, na roƙa wa kakata gafara. Sannan na saki kwalekwalen na ci gaba, ina buɗe ido kaɗan kaɗan.

Ina cikin na ƙarshen fitowa. Keken da gudun ba ni da abin faɗa a kansu, ƙafafuna sun zama itace, rana ta buɗe, na dai ja jiki na ƙarasa. Aka rataya mini lambar da ake ba duk wanda ya gama, na cire na tura aljihu. Ko ɗigon murna ban ji ba.

Da la'asar na iso gida. Ban hau sama ba, na shiga wurin Inna da gishiri a bushe fari fat a damtsena, na durƙusa na gaishe ta. Tana jan carbi ta tambaye ni.

"Ka shiga?"

"Na shiga, Inna."

"Da sanyi a ciki?"

Na ɗago ina kallonta, ban gane inda ta dosa ba.

"Tana rawar ɗari ta cika," ta ce. "Zane ɗaya ne a jikinta, da shi aka saka ta. Bargon da take rufa da shi, ni ce na riƙe shi."

Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan tun tana yarinya. Na ce mata wallahi da ɗumi, kamar ruwan da aka sirka wa jariri. Ta sa na maimaita. Ta miƙo hannu ta dafa damtsena daidai inda gishirin yake, ta bar shi a nan.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Kada ka koma."

Ban koma ba. Kuma ba ƙarya na yi mata ba, ruwan da ɗumi. Sai dai ni a saman ruwan na yi iyo, ban san yadda can ƙasa yake ba, kuma har yau ban gaya mata haka ba.