A Ƙara Mini

Ina aji ɗaya a sakandare, cikin shekarun saba'in, Gwaggo ta ce a ba ta ni in raka ta ƙasar Norway. 'Yar ƙanin kakana ce, amma a gidanmu na unguwar Doka a Kaduna ta zauna lokacin da take karatun nas, shi ya sa muke ce mata Gwaggo. Ta auri wani Bature ɗan can da ya zo Kaduna aikin ruwan famfo. A daminar nan tana da tsohon ciki, mijin kuma yana so ta haihu a garinsu. Tunda dogon hutu ne, aka ce ni zan riƙe mata jariri. Ni aka zaɓa don ba ni da surutu.

Ranar tafiya Mama ta tsayar da ni a bakin ƙofa tana gyara mini wuyan suwaitar da ta saya a gwanjo.

"Ki ji ni da kyau," in ji ta. "Kada ki je ki nuna wa mutane kamar ba a ba ki abinci a gidanku. In an yi miki tayi, kin san yadda ake yi."

Na sani. A wurinmu baƙo ba ya karɓa a tayin farko. Zai ce ya ƙoshi, a ce haba dai, ya ce yanzu ya ci, a tura masa kwano gabansa, sannan ya wanke hannu.

Kwana uku da saukarmu naƙuda ta kama Gwaggo. Haihuwar ta zo da gardama, aka riƙe ta a asibitin birni. Mijinta ya ɗauke ni ya kai ni gidan wansa, a wani ƙauye bakin ruwa, gidan katako mai jan fenti. Mutum uku ne a ciki: wan, wanda kullum fuskarsa ke bayan jarida, da matarsa, doguwa mai jan hannu, ba ta jin Turanci sai kalma biyu uku, da 'yarsu, sa'ata, mai wata waya ta ƙarfe ta gyaran haƙora a baki. Ita ke da Turancin makaranta kamar ni, don haka ta zama tafinta tsakanina da gidan.

Ƙarfe huɗu na yamma suke cin babban abincinsu. Dafaffen dankali, farin kifi, ba yaji, ba manja. Ranar farko uwar ta riƙe cokali a kan tukunya ta dube ni, 'yar ta ce, "Tana tambaya ko za ki ci." Ga yunwa, amma na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi. Ina jiran a ce haba dai. Sai na ji ƙarar murfi a kan tukunya. Uwar ta ɗauke farantin da ke gabana ta mayar cikin kabad, suka ci abincinsu ina kallon furen da ke jikin labule.

Washegari na yi ta maza na kira yarinyar bayan gida, wurin da suke jibge itacen hura wuta. Na bayyana mata al'adarmu da Turancina mai tsayawa a maƙogwaro. Na ce don Allah ta gaya wa mamarta, in na ce a'a, a sake tambayata. Ta yi dariya har wayar bakinta ta yi ƙyalli. Ta ce za ta gaya mata.

Da yamma aka zuba mini dankali ɗaya da ɗan gutsuren kifi, ba a tambaye ni ba. Na cinye. Uwar ta ɗaga murfi ta dube ni. Wannan karon na ajiye kunya na ɗaga kai alamar ina so. Kafin cokalin ya shiga tukunya yarinyar ta yi wata magana da yarensu, da sauri. Fuskar uwar ta yi ja, ta mayar da murfi. Na dubi yarinyar. Tana kallon farantinta, tana yanka dankali ƙanana ƙanana, gefen bakinta na motsi.

Sai daga baya Gwaggo ta gaya mini abin da yarinyar ta faɗa. Cewa ta yi wai na ce abincinsu yana tayar mini da zuciya, don ladabi kawai nake ci.

Haka na yi kwana tara. Yunwa tana sa mutum lura. Na san inda ake ajiye baƙin burodinsu, cikin wani akwatin gwangwani kusa da taga. Na san cukwinsu mai ruwan ƙasa, kamar sabulun wanki a ido amma da zaƙi a baki. Na kuma lura da abu ɗaya da ban san zai yi mini amfani ba: a gidan nan ba a tashi daga tebur a bar ko loma a faranti. Na ga uwar ta mayar da yarinyar kujera saboda rabin karas, ta tsaya a kanta har ta haɗiye.

A rana ta shida, da hantsi, uwar tana shanya a waje, na buɗe akwatin na ɗauki yanka biyu na cusa a aljihun suwaita. Na cinye a bayan itacen nan, a tsaye, ina haɗiya ba tauna. Da na juyo sai na ga kan yarinyar a tagar sama.

Ta jira sai da aka zauna cin abinci. Ta miƙo hannu, ta juya aljihuna waje, ta kakkaɓe ɓurɓushin a kan farin ƙyallen tebur. Uban ya sauke jaridarsa, karo na farko da na ga fuskarsa gaba ɗaya. Ba wanda ya zage ni. Uwar ta share ɓurɓushin da gefen hannu ta zuba a tafinta. Da muka tashi, yarinyar ta tsaya kusa da ni a matakala ta ce, "Ai da kin yi magana kawai."

Labarin ya je wa mijin Gwaggo, ya je wa Gwaggo a gadon asibiti, ita kuma ta sa shi cikin shuɗiyar wasiƙar jirgi zuwa ga Mama. Wasiƙar ta riga ni isa Kaduna. Mama ba ta doke ni ba. Ta karɓi akwatina, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Burodi?" Shi ke nan. Na buɗe baki in yi bayani, maganar ta ƙi fitowa, ita ma ba ta tambaya ba. Wata da watanni in ta aiki wani sayen burodi a kanti, ba ni take aika ba.

Shekara guda na yi ina ɗauke da abin nan. A aji, in malama tana karatu, ni ina ganin gefen bakin yarinyar yana motsi. Sai ga wasiƙa cewa Gwaggo za ta kawo jariri a gani, kuma 'yar wan mijinta za ta biyo su ta ga Afirka. Na karanta layin sau uku. Ranar na ci tuwo da daɗi.

Suka iso cikin damina. Kaka ta zo daga ƙauyenmu na kudu da buhun acca da ƙullin karkashi don ta ga jikanta. A kwana na biyu Gwaggo da mijinta suka tafi Katabu gaida tsofaffin abokan aikinsa, suka bar yarinyar a hannuna. An cire mata wayar baki, ta ƙara tsawo, tana yawo da ɗan littafi tana rubuta kalmomin Hausa. Tana yi mini fara'a kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ina jin ma ta manta, wannan kuwa ya fi ƙona mini rai.

Ita da kanta ta kawo kanta. Ta ga Kaka tana tuƙa tuwo a tsakar gida, ta ga girman tukunyar, ta ce mini, "Yaya ake cewa na gode, na ƙoshi?"

Na ce, "A ƙara mini."

Ta rubuta. Na sa ta maimaita har sau biyar, ina gyara mata lafazi kamar malamar kirki. Na ce ta faɗa da ƙarfi, don Kaka ba ta ji sosai.

Aka shimfiɗa tabarma a baranda. Mama tana nan, ga maƙwabciyarmu Bakanuwa, matar wani direba, ta leƙo da 'ya'yanta mata su ga yadda Baturiya za ta yi da tuwo. Kaka ta sa mata malmala ɗaya a kwanon sha, ta kwarara miyar karkashi, ta barbaɗa yaji. Yarinyar ta yi kokawa da yauƙin miyar, yana bin gwiwar hannunta, amma ta cinye tas, kamar yadda aka koya mata a gida. Ta ajiye kwanon, ta yi murmushi, ta ce da ƙarfi, "A kara mini!"

Kaka ta tafa hannu. "Kun ji ko? Wa ya ce Turawa ba sa cin abinci? Miƙo kwanon, 'yar albarka."

Malmala ta biyu ta sauka. Yarinyar ta dube ni. Na ce a hankali, "A nan sai an faɗa fiye da sau ɗaya. Na taɓa gaya miki." Ta tuna, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ci. Ba za ta iya barin saura ba, Kaka kuwa ba ta iya ganin kwanon baƙo babu komai.

A ta uku fuskarta ta yi ja kamar gauta, gumi na ɗiga daga hancinta. Ta dafe ciki, ta tura kwanon gaba, ta ce, "A kara mini, a kara mini."

"Ikon Allah," in ji Bakanuwar. "Kaka, wannan ba a ba ta abinci a garinsu ne?"

"Bar ta ta ci. Dubi wannan tawa," Kaka ta nuna ni da muciya, "loma uku ta ce ta ƙoshi, kamar kazar da ta sha ruwan sama."

Da ta huɗu ta shiga kwano, hawaye suka zubo wa yarinyar. Tana kare kwanon da hannu biyu tana faɗin kalmar da kuka. Kaka ta shafa mata baya. "To, to, daina kuka, akwai saura a tukunya, ba mai cinye miki." 'Ya'yan Bakanuwar suka faɗi ƙasa don dariya. Yarinyar ta juyo gare ni, idonta na roƙo. Ni kuwa ina kallon kwanona, ina gutsurar tuwo ƙanana ƙanana.

Ta kai rabin ta huɗun, sannan ta tashi da gudu. Ba ta isa bayan gida ba, a bakin kwata ta durƙusa, a gaban kowa. Na ɗauki buta na bi ta, na zuba mata ruwa a hannu. Da ta ɗago, na ce mata da Turancin da na shekara ina gogewa, "Ai da kin yi magana kawai."

Ta daɗe tana kallona. Ta gane.

Gwaggo na dawowa ta ga abin da ke rubuce a ɗan littafin, asiri ya tonu. Mama ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa, da bulala a hannunta.

"Baƙuwa? A gidana? Me ta yi miki?"

Wannan karon maganar ta fito. Na faɗi murfin tukunya, da dankali ɗaya, da ƙaryar da aka yi mini da yaren da ba na ji, da aljihuna a kan farin ƙyalle. Mama ta ce, "To me ya hana ki buɗe baki ki ce kina jin yunwa tun ranar farko?"

Na ce, "Ke kika ce kada in nuna."

Ta ajiye bulalar a kan gado, ta ce in je in wanke kwatar, in wanke rigar baƙuwa, in kuma ba ta haƙuri. Na wanke kwata, na wanke riga. Haƙurin ne ban bayar ba, har suka koma, har yau. A gidanmu kuwa in ana zancenta ba a kiran sunanta, sai a ce yarinyar nan mai a ƙara mini, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Washegarin ranar tuwon nan da safe Mama ta ba ni kuɗi ta ce in je kanti in sayo burodi. Da na dawo ta yanka mini da kanta, ta zuba shayi, ta zauna tana kallona har na cinye. Sannan ta ɗora wuƙar a kan sauran.

"Za ki ƙara?"

Na ce, "Eh, Mama."