Ranar da Na Ci Mushe Iliya Shida da Nema

A cikin shekarun da na yi ina aikin ɗakin gem, akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba. Ƙarshen damina ne, tafkin Madarumfa ya cika har ya shiga gonakin bakinsa, kuma a ranar ce na zauna na buga ƙwallo da Mushe Iliya. Ku da kuka shigo aikin nan bana kuna yawan tambayata abin da ke korar mai wasa daga ɗaki. Kullum gajeriyar amsa nake ba ku saboda aiki, amma yau za ku ji doguwar.

A lokacin ni ne jeran na ɗakin Alhaji Sabi'u da ke kusa da tasha, wato ni ke kula da komai idan maigida ba ya nan. Tele huɗu gare mu, kowace da akwatin gem ɗinta da manet biyu, abin nan da ake riƙewa a hannu ana dannawa. Da hantsi nake buɗewa, in share, in goge manet, in duba batir ɗin pano, wato faifan sola, ko ya sha rana. Ni ke sanin wa ke bin wa a layi, ni ke kashe tele idan an kira sallah, ni ke raba faɗa. Rabon faɗan ya fi sauran aikin yawa.

Mai wannan aiki yana jin ƙorafi fiye da mai gyaran babur. Wani zai ce gem ɗin ya daɗe bai buɗe ba, har shayinsa ya huce. Wani haushinsa shi ne hoton nan na farko da ba ya tsallakuwa, sai ka zauna ka kalli 'yan wasa suna fitowa fili ɗaya bayan ɗaya, alhali ka gan su jiya ka gan su shekaranjiya. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar wasa kuwa, wanda ake ci sai ya ce ai yanzu ya fara shirin ramawa, wanda ke ci kuma ya nemi in rantse cewa na ga sakamakon. Akwai manet ɗin da ta tsufa take jan ɗan wasa gefe ita kaɗai, kowa yana tura wa ɗan'uwansa ita. Akwai mutumin da zai tsayar da wasa daidai lokacin da kake gaban raga, wai yana so ya canza ɗan wasa. Na daɗe ina zaton irin waɗannan ne ke raba mutum da gem. Sai dai na lura masu ƙorafin nan duka, gobe da yamma su ne na farko a bakin ƙofa.

Mushe Iliya shi ne tsohon darakta na lakwal ɗin unguwarmu, wato shugaban makarantar boko, kuma Mushe shi ne yadda muke kiran malamin boko a nan. Kusan duk wanda ke shigowa ɗakin ya wuce ta hannunsa, har da Alhaji Sabi'u, har da ni. Kirista ne, ɗan majami'ar nan ta bayan kasuwa, amma ranar Juma'a shi ke fara korar mu zuwa masallaci idan ya ga muna nawa. Mutum ne mai zafi. Idan ka rubuta ba daidai ba, ba ya cewa ka yi ƙoƙari, cewa yake ka sake. Bayan ya yi ritaya sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya taɓa masa hagu. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan har yana dogara sanda, amma hannun ya ƙi, yatsun sun lanƙwashe.

'Yarsa Rahila, wadda ke aikin jinya a Maradi, ita ta kawo shi. Ta ce mai koya masa motsa gaɓoɓi ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, shi kuma ya jefar da ita bayan kwana biyu, ya ce shi ba jariri ba ne. To, da yake mai son ƙwallon ƙafa ne tun yana saurayi, sai ta yi tunanin gem. A manet, babban yatsan hagu ne ke tafiyar da ɗan wasa, na dama kuma shi ke miƙa ƙwallo da bugawa. Idan har yana son ɗan wasansa ya motsa, dole yatsan nan da ya ƙi ya yi aiki. Ta gaya mini a gefe cewa idan ya bar wannan ma, ba ta san abin da za ta sake gwadawa ba, kuma an ce mata hannun da aka daina motsawa sandarewa yake yi.

Da Alhaji ya ji, sai ya tara mu, ni da manyan masu zuwa ɗakin. Ya sa aka kawo kujera mai hannu daga gidansa, ya ware manet mafi lafiya.

"Ku ji ni da kyau," in ji shi. "Mushe ubanmu ne. Duk wanda ya kunyata shi a ɗakin ga, ya nemi wani wuri. Kai ma Laminu, har da kai."

Ba wanda ya ga laifin maganar. Haka aka rene mu. Idan ka ga babba da kaya sai ka karɓa, idan ya faɗi abin da ba haka yake ba sai ka sunkuyar da kai. Yaya za a yi ɗalibi ya zauna gaban jama'a ya zura wa malaminsa marar lafiya ƙwallo a raga?

Saboda haka aka riƙa bari yana ci. Habu mai kabu-kabu, wanda duk Madarumfa ba mai iya tare shi, shi ya fi kowa ƙwarewa a wannan sabon aiki. Zai taho da ƙwallo har gaban raga, sai ya ɗaga ta sama, ya dafe kai yana salati. Idan Mushe ya samu ƙwallo, sai 'yan bayan Habu su watse, mai tsaron gida ya fita yawo. Ɗan wasan Mushe zai tafi a karkace, ya yi tuntuɓe, ya dawo, ƙwallo dai ta shiga. Ɗaki ya ɗauki tafi. Kwanakin farko yana murmushi. Daga baya murmushin ya ragu, ya koma kallon hannun abokin wasansa maimakon tele. Mutumin da ya shekara talatin yana kama masu satar amsa ba a yi masa irin wannan wayo.

Ranar Larabar, bayan la'asar, Habu ya sake ɗaga ƙwallo sama a wurin da ko akuya za ta ci. Mushe ya ajiye manet a cinya.

"Habu, mi ya samu ƙahwarka?"

"Mushe, yau ba ni da sa'a ne."

"Jiya hwa? Shekaranjiya hwa? Tashi ka ba ni wuri. Laminu, haɗa ni da na'urar. Ita ba ɗalibata ba ce."

Na haɗa shi da na'ura, wato ya buga shi kaɗai da gem ɗin. Aka ci shi, ya sake, aka kuma ci. Gumi ya jiƙa masa riga, yana cije leɓe, amma na ga ya gyara zama, ya matso gaban kujera. Da aka ci shi karo na uku, sai wani rubutu ya fito a tele da Faransanci. Na san rubutun, domin yakan fito wa wanda ya sha kashi a jere. Na miƙa hannu zan kawar da shi, amma ya riga ni. Ya karanta da ƙarfi, da muryar nan tasa ta aji, sannan ya juya mana shi da Hausa: gem ɗin ya ce ya lura wasan yana ba shi wuya, ko yana so a sauƙaƙa masa?

Wasu suka yi 'yar dariya, suna zaton wasa ne. Shi bai yi ba. Ya ɗora manet a kan teburi a hankali, ya jawo sandarsa.

"Har ita," ya ce. "Tun da ciwon ga ya same ni ba wanda ya ƙara yi mini gardama. In na ce rana daga yamma take hitowa, matata sai ta ce haka ne, sannu. 'Ya'yana sannu. Majami'a sannu. Na zo nan don in san ko hannun ga shina da sauran amfani, ku kuma kun taru kuna yi mini tahi. To ta yaya zan sani?"

Ya ce a kira masa mai babur, ya ce kuma a mayar wa Alhaji kujerarsa, ba zai sake buƙatarta ba. Ni dai abin ya soke ni, don na san mutumin nan: idan ya fita ƙofar da wannan magana, ya fita ke nan. Na tuna abin da Rahila ta gaya mini, na kuma tuna kashedin Alhaji, wanda a lokacin yana zaune a waje kan benci yana jin komai. Ina da mata da ɗiya biyu, kuma aikin nan shi ne abin da nake da shi. Ban ce na yi dogon nazari ba. Bakina ne ya riga ni.

"Mushe, ni ba ka gwada ni ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ma irinsu ne."

"Zauna ka gani."

Ya zauna. Na ɗauki manet, na yi bisimilla a zuci, na buga yadda nake bugawa da Habu. Ba a yi nisa ba na zura ta farko. Ba wanda ya tafa. Na zura ta biyu, na ji wani a bayana yana cewa, "Kai Laminu, ka ji tsoron Allah." Na zura ta uku kafin hutun rabin lokaci. Gaskiya ban ji daɗi ba ko kaɗan. Duk ƙwallon da ta shiga sai in ji kamar na mari babana. Alhaji ya taso ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu, ban yarda mun haɗa ido ba.

Mushe kuwa ya duƙufa. Ya ɗora manet a kan gwiwa, ya tallafe ta da tafin hannun hagu, yana tura babban yatsan da dukan kafaɗarsa. Numfashinsa har ina ji. Bayan an dawo daga hutu na ƙara biyu. Sai na sake tahowa da ƙwallo ta gefen dama, ina shirin yanke ɗan bayansa kamar yadda na yi ta yi. Na karkata ciki, sai kawai ɗan bayan ya karkata tare da ni, ya sa ƙafa, ya ɗauke ƙwallon tsaf. Bai je ko'ina da ita ba, nan take na ƙwace abata, na kuma ci ta shida kafin a tashi. Amma ya ɗauke ta.

Da alƙalin wasa ya busa, Alhaji ya shigo.

"Laminu, ajiye manet ɗin nan ka biyo ni waje."

"Sabi'u, tsaya," in ji Mushe, bai ko waiwaya ba. Alhaji ya tsaya cak kamar a layin lakwal. Mushe ya juyo gare ni. "Sau guda na amshe maka ƙwallo. Kai ka bari?"

"A'a, Mushe."

"Kada ka yi mini ƙarya. Na san huskarka in kana ƙarya."

"Wallahi ban bari ba. So na yi in wuce, ka tare ni."

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ya motsa shi sama, ya motsa shi ƙasa, ɗan motsi kaɗan wanda in ba ka kula ba ba za ka gani ba. Idonsa ya kawo ruwa, bai kuma ɓoye ba.

"To, wanga nawa ne," ya ce. "Duk ƙwallayen da anka ba ni a ɗakin ga, ku riƙe abinku."

Sannan ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, ya ce a bar kujerar inda take, kuma gobe ni yake so, kada a kawo masa Habu sai ranar da ƙafarsa ta warke. Habu ya sunkuyar da kai yana dariyar kunya. Alhaji bai kore ni ba, amma ya yi kusan mako yana amsa gaisuwata da ƙyar. Har yau yana ganin shida ta yi yawa, wai da na tsaya a uku. Mai yiwuwa yana da gaskiya. Ni dai na san da na sassauta bayan ta uku, da Mushe ya gane, kuma da ƙwallon nan da ya ƙwace ba ta zama tasa ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Ku gyara manet, ku kula da batir, ku hana masu tsayar da wasa don mugunta, duk aikinku ne. Amma mutum yana jure gem mai nawa da gem mai wuya, yana jure shan kashi. Abin da ba ya jurewa shi ne ya gane cewa abin da hannunsa ke yi ba shi ke kawo sakamako ba, ko na'ura ce ta tausaya masa ko mutane. Daga ranar da ya gane haka, ba shi da dalilin sake riƙe manet. Mu kuma mutanen nan, da ladabi da ƙauna muke yi wa mutum wannan, shi ya sa ba ma ganin ɓarnar. Idan babba ya zauna gabanku, ku ba shi kujera mai kyau, ku ba shi ruwa mai sanyi, ku gaishe shi da ladabi, sannan ku buga da gaske.

Hannun Mushe bai koma kamar da ba, amma ya kai yana ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. Ya yi ta zuwa har lokacin da Rahila ta ɗauke shi ya koma wurinta a Maradi. A duk tsawon lokacin bai taɓa cina ba ko sau ɗaya, kuma ba yammar da ya fasa zuwa.