Ranar da Lami Ta Naɗe Tabarmin Makoki

Lami tana tsugune a bakin injin casar shinkafa na Tudun Wada, tana kakkaɓe ɓuntu daga jikin buhu, sai maƙwabciyarta Jamilatu ta zo ta tsaya a kanta. Jamilatu mace ce mai tsokana, kullum sai ta ja ta da wasa kafin ta gaishe ta. Ran nan ba ta yi wasa ba. Ta rage tsawo, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Inna Lami, ya haƙuri?"

Gaisuwar mutuwa ce, kuma Lami ba ta san an yi mata mutuwa ba.

Injin yana ta ruri, amma ta daina jin sa. Da ƙyar ta haɗa baki ta ce, "Haƙurin mi?"

Jamilatu ta dafe baki. "Ba a hwaɗa maki ba? Ni dai na ga an shimhiɗa tabarmi ƙohwar gidanku, maza sun cika."

Mutum ɗaya ne a duniya za a shimfiɗa wa tabarmi a ƙofar Lami ba tare da an gaya mata ba. Ɗanta ne na fari, Zayyanu, soja, wanda wata biyar ke nan yana dajin gabas inda ake fama da 'yan bindiga. Ta miƙe ta bar buhun a nan, baki buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta fara sana'ar.

Lami 'yar manoma ce. A wani ƙauye kusa da Kware aka haife ta, a gidan da ake noma shinkafa a fadama, gero a tudu. Aure ya kawo ta birni, gidan Malam Hashim kafinta. Da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, sai ta koma ga abin da ta taso ta iske uwarta tana yi. Takan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga hannun 'yan uwanta na ƙauye, ta jiƙa, ta turara a rabin ganga, ta shanya a tsakar gida tana korar kaji, ta kai inji, ta dawo ta bakace. Duk lungun an san shinkafarta ba ta da tsakuwa. An kuma san ba ta da yawan magana.

A kan Zayyanu kuwa ba ta da magana ko kaɗan. Ɗan fari ne, kuma Lami ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa unguwar Ƙofar Kware, bai dawo hannun uwarsa ba sai da ya shekara tara. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", in ta ji daɗinsa ta ce "yayan yara". Shi kuwa yakan tsaya a bakin ɗakinta cikin kaki yana dariya, ya ce, "Inna, ko janar na zama ba za ki koyi sunana ba?" Ta ce, "Matsa, ka tare man haske."

Ran da zai tafi daji ba ta yi masa rakiya ba. Ta dai kwana biyu tana yin dambun nama, ta ƙulle a leda, ta miƙa wa matarsa Shamsiyya ta ce ta sa a jakar wancan. In ya samu wurin da waya ke shiga, Shamsiyya yake kira. Ita kuma ta gane surukarta, sai ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan turmi, Lami tana gefe da faifai tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Unguwar ma ba a faɗin aikinsa. Tun da aka fara raɗe-raɗin akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto har cikin gari, gidajen da ke da soja suka koyi rufe baki. Baƙo in ya tambaya, cewa ake Zayyanu yana aikin kamfani a Kaduna. Kakinsa a cikin ɗaki ake shanya shi.

Da ta shawo kwanar lungunsu ta hango tabarmi huɗu da butoci a jere. Maza sun kai goma sha biyar. A tsakiya Alhaji Lawwali ne, yayan marigayi mijinta, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda tun rasuwar Malam Hashim shi ke yanke maganar gidan. Idanunsa sun yi ja. Shi ya kai Zayyanu makaranta da hannunsa, kuma ba ƙeta ce ta sa ya yi abin da ya yi ba. Ya lissafa ne yadda kowa zai lissafa: uwar ɗan fari ba a shawara da ita a kan ɗanta, ko aurensa ba ta zauna an yi da ita ba. Za ta dawo daga inji, mata su kama ta su shiga da ita ɗaki, ta yi kukanta a ɓoye.

Lami ba ta shiga ɗaki ba. Ta tsaya a bakin tabarmar maza, da ƙurar ɓuntu a hijabinta.

"Yaya, wa ya ba ka labari?"

Alhaji Lawwali bai ɗago ba. "Shiga ciki, Lami. Mata na jiran ki."

"Za ni shiga. Wa ya ba ka labari?"

Ya ciro waya daga aljihu. Saƙo ne aka turo a zauren hira na waya na tsofaffin abokan aikinsa bayan sallar asuba: an yi wa sojoji kwanton ɓauna, ga sunayen waɗanda suka rasu. Suna goma sha ɗaya. Lami ba ta karatun boko, ta ce ya karanta mata na ɗanta. Ya karanta. Sunan farko ne da harafi ɗaya a bayansa, babu muƙami, babu gari.

"Wa ya rubuta?"

"Turowa anka yi."

"Wa ya turo?"

"Wani na can ya turo ma wani, shi kuma ya turo muna."

"Soja sun zo gidan ga?"

"Ba su zo ba tukuna."

"An ga gawa?"

Ya mayar da wayar aljihu. Can ya rage murya ya ce, "Lami, ki bari mu yi kwana ukun ga mu tashi lahiya. Na riga na ce ma mutane, kowa ya tambaya a ce haɗarin mota ne hanyar Kaduna. Kin san garin. Ba mu san wa ka saurare ba."

Waɗanda suke wurin har yau ba su daina zancen abin da ya biyo baya ba, kuma akwai wanda in ya tuna sai tsigar jikinsa ta tashi. Lami ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Zayyanu," ta ce. "Zayyanu ɗan Hashimu. Ni na haihe shi ran wata Talata, ɗakin can na kusa da rijiya. Soja ne, ba ɗan kamhwani ba. Shekara takwas shina kwana daji don ku kwana bisa katihwa. In ya mutu, wurin yaƙi ya mutu, kuma haka za a hwaɗi a masallaci, mai saurare shi saurara da kyau. In bai mutu ba, ba wanda za ya zauna man ƙohwar gida shina karɓar gaisuwarshi."

Maza suka sunkuyar da kai, kamar sun ga abin da bai kamata su gani ba. Alhaji Lawwali ya ce a hankali, "Kunyar hwa, Lami?"

"Na yi ta shekara talatin da ɗaya, Yaya. Ita ta sa kunka binne man ɗa ina wurin inji."

Ta duƙa ta kama bakin tabarmar ƙarshe, wadda ba kowa a kanta, ta naɗe ta jingina da bango. Ta matsa ga ta biyu. Mutum uku ne a kai. Ta riƙe bakin tabarmar tana jira. Suka dubi limamin unguwa. Liman ya ɗauki takalmansa ya ce, "Ba a zaman makoki bisa an ce." Ya miƙe, sauran suka bi.

Malam Sodangi wanzami, wanda kunnensa ya yi nauyi, shi ya rage a zaune da dabino a hannu. Ya dubi mutane suna watsewa ya ce, "Mi ya hwaru? An hwasa mutuwar?"

Wani ya sunkuya ya ce masa a kunne, "An hwasa."

"To madalla. Allah shi sa a riƙa hwasawa." Ya zuba sauran dabinon a aljihu.

A cikin gida Lami ta iske mata sun kewaye Shamsiyya. Sun cire mata 'yan kunne, wata gwaggo ta riga ta kwance mata rabin kitso don shiga takaba. Yarinyar tana zaune kamar an zare mata laka, ko hawaye babu. Lami ta karɓi 'yan kunnen daga hannun gwaggon, ta durƙusa, ta mayar mata da su ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta yi ta lalube kafin ta samu hujin.

"Ki maida mata kitsonta yadda kinka iske shi," ta ce wa gwaggon. Ta juya ga Shamsiyya. "Ke kuma ki ci abinci. Gobe za mu bariki."

Washegari da hantsi Alhaji Lawwali ya tsaya da tsohuwar motarsa a bakin lungu, ba wanda ya kira shi. Ya ɗauki Lami da Shamsiyya. A bariki aka yi musu tambayoyi a ƙofa, aka sa su jira, sannan aka kai su wurin wani hafsa mai Hausar wani yanki. Ya duba takardar da ke gabansa ya gaya musu gaskiyar da yake da ita. An yi kwanton ɓauna. Waɗanda aka samu gawarsu, an aika mutum takanas zuwa gidajensu, ba a sanar da irin wannan ta waya. Akwai mutum biyar da ba a gani ba, kuma Kofur Zayyanu Hashim yana cikinsu. Ana neman su.

"Mama, ba mu ce ya mutu ba," in ji shi. "Ba mu kuma ce yana raye ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Hakan ya ishe ni," ta ce.

Da suka fito ta ga mata a gindin dogon yaro, gefen ofishin. Ta san irin zaman, don haka ta ce wa Alhaji Lawwali ya jira. Matan sauran huɗun ne da uwar ɗaya. Akwai Rahma, amarya ce, ko wata shida ba ta yi ba, danginta suna can Gombe. Akwai Rifkatu, 'yar Zuru, da goyo a baya, kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. Lami ta tambaye su inda suke kwana da abin da suke ci. Sannan ta kwatanta musu gidanta: Tudun Wada, bayan injin casa, a tambayi mai shinkafa.

Tun daga ran nan duk la'asar suna zuwa. Lami takan dafa shinkafa da wake a babbar tukunya, su ci, su haɗa wayoyinsu a kan tabarma ɗaya a tsakar gida. Masu salla su yi salla, Rifkatu ta koma gefe ta yi tata addu'ar. Wani lokacin har dariya ake ji daga waje, musamman in Rahma tana kwaikwayon Sakkwatanci. Jamilatu ta taɓa leƙowa ta ja Lami gefe.

"Inna, mutane na magana. Matan soja biyar gida guda, kullum. Ba ki tsoron a kai rahoto?"

"Ina tsoro," in ji Lami. "Ko barci ban yi. Amma ba ni korar su. Shigo ki kama man tsinta, tunda kin zo."

Jamilatu ta tuɓe takalmi ta shiga.

A kwana na goma sha shida aka samu biyu daga cikin biyar ɗin da rai, a wani ƙauye can nesa da inda aka yi faɗan. Ɗaya mijin Rifkatu ne. Daga gadon asibiti ya yi magana da Lami ta waya. Ya ce a bakin wani rafi suka watse, kuma ganinsa na ƙarshe da Zayyanu yana gudu ya nufi arewa, da rauni a hannun hagu, bindigarsa tana tare da shi. Bayan wannan bai san komai ba. Rifkatu ba ta daina zuwa gidan ba.

Yau kwana ashirin da uku. Kowace safiya Shamsiyya tana kiran lambar da hafsan ya ba su, kuma amsar ba ta canza ba: ana nema. Mutum uku suka rage ba a gani ba, Zayyanu yana cikinsu. Har yanzu ba a samu labarinsa ba.