Jikokin Mai Farin Raƙumi

Ban taɓa damuwa da wanda ya haifi kakana ba sai da na tashi aure. A lokacin Faransawa na can ƙasarsu suna yaƙi, mu kuma muna ƙauyenmu kusa da Tamaske, da damina mu noma gero a tudu, da rani mu sauka fadama mu yi albasa. Yarinyar da nake so 'yar cikin Tamaske ce. Ni da ita mun gama magana tun tuni. Ubanta ne ya rage.

Dogon mutum ne, mai son a yi shiru idan yana magana. Gonarsa ba ta fi tamu ba, rumbunsa ma haka, amma yana da asali, kuma ba ya barin kowa ya manta. Abin mamaki, ba wanda ya taɓa jin ya jero kakannin nan nasa. In an tambaye shi sai ya ɗaga haɓa ya ce irin waɗannan mutane ba a ambatonsu a bakin hanya. Da iyayena suka aika masa, amsar da ya bayar gajera ce.

"Yaron ba shi da laihi. Amma ɗiyata ba ta shiga gidan da ban san tushenai ba. Shi taho da kainai shi hwaɗa mani kakanninai."

Na fara da babana. Na same shi yana gyaran ƙotar hauya, na ce, "Baba, wa ya haifi kaka?"

Ya yi tunani sosai, sannan ya ce, "To, na dai san yana da uba. Ba daga rumbu ya hwaɗo ba."

Na wuce wurin kakata, matar marigayi kakan nawa. Ita kullum cikin tsokanata take. Ta ce, "Kai angona, ni shi na aura, ban auri ubanai ba. Tahi wajen Ibohamane, ƙanwatai na nan da rai, in ba jiya ta mutu ba."

Kuskuren da na yi tun daga gida na yi shi. Ina so in isa wurin dangi da kwarjini, sai na je wurin ɗan kawuna da aka sallamo daga soja, ya ara mini tsohuwar rigarsa mai maɓallan ƙarfe da jar hula. Na hau jaki na kama hanya, ina jin kaina wani abu.

Tsohuwar tana wani ɗan ƙauye ne gaba da Ibohamane, a gindin dutse. Na isa da hantsi, na tarar da mutane a bakin rijiya. Na yi sallama, na faɗi wadda nake nema, na ƙara da cewa ina so in san duk danginta, wa ya haifi wa, wa ke raye, wa ya mutu.

Kafin in rufe baki wurin ya watse. Guga na cikin rijiya aka sake shi. Na hangi samari suna hawan dutse kamar awaki. Ban gane ba a lokacin, amma a shekarun nan wanda duk ya zo da jar hula yana tambayar wa ya haifi wa, abu uku ke kawo shi: ko haraji, ko aikin hanya na dole, ko ɗibar soja.

Mutum ɗaya ya tsaya, don ƙafarsa na ciwo. Gemunsa baƙi wuluk, amma ya ranƙwafa yana tari, ya ce, "Ranka shi daɗe, garin ga babu samari. Duk tsohhi muke."

Na ce masa ni ba ma'aikacin kowa ba ne. Ya ce ya sani, haka na bara ma ya ce. Da ƙyar ya nuna mini gidan da baki.

Na sami tsohuwar zaune a ƙofar ɗaki tana kaɗi. 'Yar ƙarama ce, idonta tar. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni jikan yayanta ne na wajen Tamaske.

Ta ce, "Ban da wa."

"Inna, to mahaifinki fa?"

"Ban da shi."

"Wa ya haife ki?"

"Ni ba a haihe ni ba. Tsintata anka yi."

Wani ɗan yaro ya leƙo daga bayanta, kamarsu ɗaya sak. Na ce wannan fa? Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa, ta ce ita ma tana ta mamakin ko ɗan wa ne.

Duk da haka baƙo baƙo ne, balle baƙon da ake tsoro. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, aka kawo fura cikin ƙwarya har da nono mai kauri. Ga gajiyar hanya, ga rigar soja mai zafi. Na sha na ƙoshi, na ce bari in ɗan miƙe bayana kafin in sake gwada ta.

Da na farka rana ta karkata. Hulata na gefe, mutane sun kewaye ni, har da samarin da suka hau dutse. Tsohuwar na tsugune a kaina tana nuna ni da mazari.

"Wanga ba na Kumandan Faransawa ba ne," in ji ta. "Wanga namu na. Ku dubi baki buɗe, ƙahwa guda naɗe, ƙuda na yawo bisa hanci bai sani ba. Haka ubana ka kwana. Haka wana ka kwana. Tashi, ɗan banza, ka sa garinmu gudu."

Ranar na ci tuwon dawa da miyar kuka a gidan dangi, aka yi ta dariyar mai baƙin gemu da tarinsa. Bayan an natsu na tambaye ta labarin uban nata, ta ba ni shi tiryan-tiryan.

Yana saurayi ya biyo ayarin Abzinawa masu gishiri, shi ke jan akalar raƙumi. Suka ya da zango a gindin wani gawo kusa da ƙauyen, ya kwanta. Da ya farka babu ayari, sai kashin raƙuma. Mutanen gari suka tambaye shi daga ina, ya nuna arewa. Ya ce zai jira su, ai ta nan za su komo. Ya zauna yana taya mutane noma. Ranar da ayarin ya komo, yana cikin wata gona yana barci, suka wuce. Daga nan ya ce abin daga Allah ne, ya nemi mata.

Na ce, "To shi wa ya haife shi? Wane gari?"

Ta ce, "Mun sha tambaya tai. Sai shi ce mu dakata shi tuna, shi kishingiɗa."

Na kwana biyu a wurinsu. Da zan tafi ta ba ni zabuwa, ta ce in kai wa matar yayanta. Ni kuwa raina a jagule. Ina zan shiga zauren mutumin nan in ce masa tushenmu wani ne da ayari ya manta da shi? A hanya na haɗu da wani mai jakai, na yi masa kukana. Ya ce ai wannan ba abin damuwa ba ne, akwai wani maroƙi a kasuwar Madawa da ya san asalin kowane gida a ƙasar Adar. Na cusa rigar soja cikin buhu, na juya jakina kudu, na bi ta Buza.

Ranar kasuwa na same shi kusa da rumfar masu goro, ƙato, mai murya kamar ganga. Ya tambayi ƙauyenmu, ya juya fuskata dama da hagu yana duban tsagena, sai kawai ya riƙe hannuna idonsa ya kawo ruwa. Ya ce tun da na doso jikinsa ya ba shi. Na zube masa goron da na saya, ya dubi zabuwar kakata, ita ma na miƙa.

Ya ja ni bayan rumfa ya fara. Tushenmu, in ji shi, wani jarumi ne daga gabas, Mai Farin Raƙumi. Ya keto sahara shi kaɗai, raƙuminsa ya durƙusa a gindin tsamiya, ya caka mashi a ƙasa ruwa ya ɓulɓulo. Ya haifi wanda manyan Abzinawa ke sauka daga raƙumi su gaishe shi. Shi kuma ya haifi wanda ya ciyar da gari guda a shekarar yunwa, rumbunsa bai sauka ba. Daga shi sai uban kakana.

Na ce, "To, amma an ce mini shi barci ya yi ayari ya bar shi."

Ya girgiza kai don tausayin jahilcina. "Wa ya ce maka barci na? Halwa ce."

Wallahi na yarda. Ya yi ta maimaita mini har na haddace, da kirarin kowannensu. Da za mu rabu ya ja kunnena: kada in riƙa faɗa ko'ina, mahassada sun yi yawa. Na komo gida ina kallon mutane daga sama. Kakata ta tambayi ko an ba ni saƙo, na ce gaisuwa ce kawai. Abin zabuwa bai fito ba sai daga baya, kuma na biya ta da kaza.

Ranar da aka sa, bayan la'asar, na shiga zauren uban yarinyar. Ya tara shaidu: limamin unguwa, da maƙwabcinsa mahauci, da wani amininsa dillalin jakai. Na durƙusa, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "To, yaro, muna jin ka."

Na gyara murya na ɗauko daga gabas. Ina kawo farin raƙumi na ga ya ɗago kai. Na zo kan tsamiya, ya ajiye tasbaha. Ina caka mashi ya miƙe tsaye, har rawaninsa ya kwance.

"Ɓarawo! Ina ka ji wanga? Wa ka laɓe ma? Kakana na!"

Na ce, "Baba, wallahi nawa ne."

"Naka? Kai da gidanku ko doki ba ku taɓa ɗaurewa ba?"

Sai mahauci ya ɗaga hannu a hankali. "Ku dakata. Shi mai raƙumin ga, ɗanai na Abzinawa ka sauka su gaisai?"

Na ce shi ne.

"Jikanai kuma ya ciyar da gari?"

"Ƙwarai."

Ya sosa ƙeya. "To ai kakana na."

Dillali ya hau kallon ƙasa. Da aka matsa masa ya ce shi dai a nasa ba tsamiya ba ce, kanya ce, amma sauran duk haka yake.

Liman ya bi mu ɗaya ɗaya yana tambayar inda kowa ya samo nasa. Na ce Madawa, bayan rumfar goro. Mahauci ya ce nan ne. Dillali ya gyaɗa kai. Aka juya wurin mai gida. Ya daɗe yana naɗa rawani, yana warwarewa, sannan ya dube ni ya yi tambayar da ta fi damunsa.

"Mi ka ba shi?"

"Goro da zabuwa, Baba."

"Zabuwa." Ya juya ga mahauci. "Kai hwa?"

"Kan akuya."

Ya koma ya zauna daɓas. "Ni rago na ba shi. Rago da riga."

Mahauci ne ya fara fashewa, dillali ya bi. Liman ya yi ƙoƙarin riƙe mutuncinsa, ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ku yi haƙuri da juna, jama'a. Ni nawa raƙumin ja ne." Daga bayan zana na ji dariyar mata, na kuma gane muryar wadda nake nema a ciki, ta fi ta kowa ƙarfi.

Mai gida bai yi dariya ba. Da aka lafa ya ce, "Kai yaro, an ce ka tahi Ibohamane. Su can mi sunka ce maka?"

Ba ni da sauran abin ɓoyewa. Na ba su labarin gawo da ayari, da yadda aka komo aka sake wuce shi, har da yadda ni ma aka gane ni. Aka sake kecewa. Liman yana share hawaye ya ce shi bai ga aibu ba, mutumin bai kashe kowa ba, bai ƙwace gonar kowa ba, ya bar zuriya masu salla.

Uban yarinyar ya dube ni sama da ƙasa. Can ya ce, "Naka dai naka na kai ɗai. Ba ka raba shi da mahauci." Ya juya ga liman. "A sa rana bayan an yanke gero."

Haka aka yi. Da rani ya shiga, surukin nawa ya ɗaura wa jaki shimfiɗa ba tare da ya gaya wa kowa dalili ba, ya nufi wajen Buza, inda aka ce uwar ubansa ta fito. Ya jima a can. Da ya komo muka je yi masa barka da hanya, ni da matata. Ya yi maganar tsadar gishiri, ya yi maganar rijiyoyin can, bai ce uffan a kan abin da ya kai shi ba.

Matata ta ce, "Baba, an samo su?"

Ya ce, "Ke, bar tone-tone. Ɗebo mani ruwa."

Har ya rasu bai faɗa ba. Abin da muka lura kawai shi ne, tun daga shekarar, duk kaka sai ya ware damin gero biyu masu kyau ya aika wani gidan wanzamai a can. Kuma idan wanzamin unguwarmu ya zo yi masa aski, shi da ko kallon mutum ba ya yi, sai ya matsa ya ba shi rabin tabarma, ya tambayi lafiyar iyali.