Tanon Attahiru

A Urafane, in ka ce Attahiru Mai-Tano, ko makaho zai nuna maka gidan. Mutum ne dogo, mai kallon gefen ido, wanda in ka gaishe shi sau biyu a yini sai ya tambayi kansa abin da kake nema.

Da ba haka yake ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi leburanci can arewa, wajen haƙar uraniyom, ya dawo da fara'arsa da tsarabarsa. A lokacin duk mai dawowa sai ya tsinto wani abu cikin tarkacen ƙarfen da aka zubar, wani ya yi ƙyaure, wani ya yi murhu. Shi tano ya ɗauko, wata narkekiyar ganga mai kauri, ya wanke ta, ya mai da ita randarsa.

Shekaru suka shuɗe, matarsa Zara'u ko ɓatan wata ba ta yi ba. Daga baya idonsa ya koma rawaya, gefen cikinsa na dama ya kumbura. Ƙanensa Mamudu kuwa 'ya'ya bakwai! Attahiru ya zauna ya haɗa wannan da wancan: in ya mutu babu ɗa, wa zai ci gonar geron? Shi ke nan, Mamudu ya yi masa sammu. Ya daina cin tuwon gidansa, ya sa wa tano kwaɗo, ya rataya makulli a wuya. Ko Zara'u ba ta shan ruwan, shi kaɗai. Wallahi abin da ban haushi, Mamudun da kaza ma sai ya kira wani ya yanka masa!

Da ciwo ya ci ƙarfinsa aka kai shi asibitin Tasawa. Lokotoro ya ce hanta ce, ya tambaye shi aikin da ya taɓa yi da abin da ya kawo daga can. Attahiru ya amsa a taƙaice, yana mamakin wanda ya tsegunta wa mutumin nan zancen tanonsa.

Bayan sati biyu da dawowarsa gida, da hantsi, wani baƙo mai suna Gazali ya yi sallama da 'yar na'ura a hannu. Ya kara ta a bango, shiru. Ya kara a tano, ta hau ƙara kamar ana suyar fara.

"Baba, ƙarfen nan yana fitar da wata guba da ido ba ya gani," in ji Gazali. "Tana iya taɓa hanta, tana iya hana haihuwa. Ban rantse ita ce ta kama ka ba, amma don Allah kada ka ƙara sha."

Attahiru ya dubi tanon. Zara'u ta ce a ranta yau dai Allah ya kawo ƙarshen abin.

"Wa ya turo ka?" in ji Attahiru.

"Ƙanenka. Har Maradi ya je ya roƙe ni. Ga shi can ƙofar gida, ya ce ba ka son ganinsa."

"A'aha! Ai na sani!"

Ya ciro makulli, ya buɗe kwaɗo, ya cika moɗa fal. Zara'u ta riƙe masa hannu, ya fizge.

"Je ka gaya masa ban mutu ba tukuna."

Ya kafa kai ya shanye. Daga bayan dangar kara suka ji Mamudu ya fashe da kuka.