Akushin Baba a Tsakanin Inuwa Biyu

Ina shanya kayan yara a bayan ɗakinmu a unguwar Mu'aither, nan Doha, ƙanena ya kira ni ta bidiyo daga gida. Ya dai juya wayar kawai. Sai na ga Malam Iro zaune a zaurenmu, kansa a sunkuye, mutumin da ya shekara tara bai taka ƙofarmu ba. A nan na gane Baba ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifina, Malam Sule, a ramin haƙar kwal ya ƙare ƙarfinsa, kuma yana cikin shugabannin ƙungiyar ma'aikata. Da rami ya rufta wa mutum biyu, suka shiga yajin aiki sai an gyara tokaran da ke riƙe rufin ramin. Yajin ya yi tsawo har tukwane suka bushe. Malam Iro, amininsa tun ƙuruciya, ya ja wasu suka koma aiki, don yunwa ta kwantar masa da 'ya'ya. Baba da sauran suka tsaya har aka biya buƙata.

An ci nasara, amma ƙungiya ta tsage. Lokacin cin abinci 'yan tsayawa na ƙarƙashin darbejiya, 'yan komawa na gindin tsamiya, ko sallama babu.

Sai Baba ya ce in riƙa tuƙa masa tuwon mutum goma a babban akushi. Ya ɗauka ya zauna a tsakiya, cikin rana. Wani daga ɓangarensa ya ce, "Malam Sule, da maciya amana za ka ci?"

Ya ce, "Tuwo zan ci. In kai ka ƙoshi, matsa wa mai yunwa."

Ya fi wata yana dawo mini da tuwon kusan yadda na zuba. Na ce, "Baba, ana yi maka dariya fa." Ya ce, "Hauwa, ƙasa in za ta rufto ba ta tambayar wanda ya yi yaji. Ƙara miya."

Da ɗaiɗai da ɗaiɗai suka matso, har akushi ɗaya ya kasa. Malam Iro kaɗai ya ƙi, kunya ta hana shi. Kullum Baba sai ya bar masa gefe ɗaya bai taɓa ba.

Ranar jana'iza sahu ɗaya ɓangarorin biyu suka yi. Ƙanena ya ce Malam Iro ne ya riƙe gaban makara, aka yi aka yi ya ba wani, ya ƙi har bakin kabari.

Ko nan Doha abin ya iso. Sani ɗan Malam Iro direba ne a unguwar Al-Sadd, da maigidana ba sa gaisawa, don mahaifin maigidana ɗan tsayawa ne. Washegari sai ga Sani da tiren shinkafa. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Yaya Hauwa, in shigo?" Maigidana ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, shigo mana, tsayuwar ta isa haka." A tire ɗaya suka ci. Ina kuka, amma wallahi zuciyata fari ƙal. Baba ya ci nasara.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka fiye da fitilar da ka shiga rami da ita. Ya ba Inna da ƙannena haƙuri, Ya yafe wa Malam Iro da mu duka.

Har yau ƙungiyar shugaba biyu gare ta. Taron haɗewar da Baba ya kira bayan Sallah ba a zauna shi ba tukuna.